Hutun Dole na Karnukan Ƙanƙara

Ni dai ban taɓa zaton zan tsufa ina bin labarin karnuka ba. A gidanmu na Woodbridge, can ƙasar Turawa, kafin gari ya waye 'yata ta bi jirgin ƙasa, mijinta ya hau titi, sai a bar ni da jinjiri da mai tatata. Goyo, girki, wanki, hawa bene da sauka, har Asabar da Lahadi, don su ma aiki suke zuwa. Gwiwoyina sun daɗe suna ƙorafi, bakina ne ya kasa. Ta yaya zan dubi yarinyar da ta dawo ido jajir in ce ni ma na gaji?

Wata shekara, sanyi na shirin tafiya, aka ba babbar jikata aikin makaranta: ta riƙa bin labarin wani tseren karnuka a Alaska. A jere ake ɗaura su, su ja keke marar taya a kan ƙanƙara, kwana da kwanaki. Yarinyar tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa. Bokona bai yi nisa ba, sai dai kunnena ba ya zubar da abu. Matuƙin, masha ake ce masa. In ya ce "ji", dama ke nan, "ho", hagu, "wo", a tsaya. Karnukan gaba su ne lida. Na gindin keken kuma wil, nauyin duk a kafaɗarsu yake.

"Kaka, ke wil ce," in ji ta.

"Ja'ira, ni za ki haɗa da kare? Zo nan in ja kunnen nan!"

Ran nan ta nuna mini wayar uwarta, ɗigon da ke nuna matuƙin da ta zaɓa a taswira ya ƙi motsi tun jiya.

"Ya mutu ne?" na ce.

Ta yi dariya. Wai leyoba yake yi, hutun dole. Doka ce, kowane matuƙi sai ya tsayar da karnukansa yini da kwana a wani zango. A shimfiɗa musu ciyawa, a cire musu 'yan safar ƙafa, a shafa musu man zafi, a ba su abinci mai ɗumi.

"Ko shi ne a gaba?"

"Ko shi ne, Kaka."

Na juya maganar a raina har Juma'a. Da 'yata ta zauna cin tuwo, na ce, "Kin san karnukan nan na 'yarki, ashe tilasta musu hutu ake yi."

Ta ajiye cokali. Ta dubi ƙafafuna da suka kumbura, ta daɗe.

"Umma, me ya hana ki faɗa?"

"To ga shi na faɗa, ta bakin kare."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki waya ta shiga neman wadda za su yi musayar aiki, ina jin ta tana roƙo.

Lahadi aka ba ni hutu. Da asuba na farka kamar kullum. Bayan salla jinjirin ya tsala kuka, kafin in ankara hannuna na kan ƙofa. Na ji takun uwarsa a bene, a hankali, takun wadda barci bai ishe ta ba. Na tsaya, na tsaya. Sannan na saki ƙofar, na koma bakin gado na zauna, na miƙe ƙafa.