Kawu, Ba Ka Faɗa Mana Ƙarshen Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha shida ga watan Disamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, a shagonsa na wanki da guga. Mai shagon magani na kusa da shi ne ya leƙa ya same shi zaune a kan kujera, kansa jingine da bango. Ya cire dutsen guga daga wuta, ya ninke rigar da ke hannunsa. Ƙaramar talabijin ɗin da ke maƙale a saman teburin tana ta aiki.

Kawu, har yau ban yi kuka ba. Ina gaisa da mutane, ina amsa "ya haƙuri", ina kai wa baƙi ruwa. Jikina yana yin komai, ni ce dai ba na ciki.

Masu zuwa gaisuwa suna ta yabon gugarka da riƙon amanarka, kuma gaskiya suka faɗa. Amma mu a gida da wani aikin muka san ka. Hukumar Tacewa muke kiranka, kana jin haushi, kana kuma amsawa.

Abin ya samo asali ne bayan rasuwar Auta, ƙaninmu, wanda haɗarin mota ya ɗauke shekarun baya. Kai ka koya masa tuƙi da motar kai kayan shagonka. Tun daga lokacin Mama ba ta iya ganin haɗari ko a hoto. Wata rana muna kallo aka nuno mota ta kife, Mama ta miƙe ta shige ɗaki, ta yi kwanaki ko ruwa sai an lallaɓa ta. Ga ta kuwa mai son labari, musamman a hutun sanyi, lokacin da nake samun hutun koyarwa, jikoki su cika gida, kowa ya duƙunƙune cikin bargo a falo.

Ba ka yi shawara da kowa ba, ka ɗora wa kanka aikin. Duk shirin da za a kunna a gidanmu, sai ka fara kallonsa kana guga, tun daga farko har ƙarshe. Duk littafin da zai shiga hannun Mama, sai ya kwana a shagonka. Yana dawowa da ƙanshin sabulu, kuma in akwai wurin da bai dace ta gani ba, ka haɗe shafukan da fil ɗin da kake maƙala wa kayan mutane lamba. Mama tana zuwa kan fil sai ta tsallake, ba ta taɓa cirewa ba.

Da hutu ya ƙarato za ka shigo da leda, ka zauna a kujerar bakin taga, ka fara rabo. "Yaya, wannan wankakke ne tas, ki karanta hankali kwance. Wannan shirin kuma akwai tabo a kashi na huɗu, ku tsallake, ba abin da za ku rasa." Yara ka ba su na dariya. Mijina ka ba shi na tarihi, ka ce ko ba komai zai taimaka masa wajen barci. Ni kuma kullum sai ka miƙo min mafi kauri, wai malamai ba su da aikin yi a hutu. Mun sha faɗa a kan wannan. Na ce maka ɗanɗanonka na tsofaffi ne, ka ce in karanta tukuna in zo mu yi rigimar. Haushin da nake ji shi ne, sau da yawa kai ke da gaskiya.

Ban manta ranar da wani shiri ya ɗauke maka hankali har ka ƙona wuyan rigar wani lauya ba. Ka saya masa sabuwa, sannan ka zaunar da shi ka ba shi labarin abin da ya jawo. Mutumin nan ya zo jana'izarka. Ya ce min tun daga ranar bai ƙara kallon komai ba sai ya tambaye ka.

Juma'ar da ta gabaci rasuwarka ka zo da na bana: shiri mai dogon zango a kan wasu mata biyu, ya da ƙanwa, da suka gaji tsohon masauƙin baƙi a bakin teku. Ka ce, "Yaya za ta so shi sosai. Amma saura ƙarshen ban gani ba. Kada ku kunna mata sai na zo." Shi ne yake kan talabijin ɗinka ranar Talata. Mai shagon magani bai lura da inda aka kai ba, kashewa kawai ya yi. Ba wanda ya san ko ka ga ƙarshen.

Jiya da la'asar, da gida ya ɗan yi sauƙin mutane, na ce bari in karɓi aikinka. Na rufe ƙofar falo, na kunna, na rage murya. Na zauna ina kallo, amma wallahi ko a yanka ni ba zan iya faɗin abin da na gani ba. Idona yana kai, ba abin da ke shiga. Ina tunanin wa zai riƙa tare wa Mama yanzu, tunda ni ga yadda na zama.

Ban ji shigowarta ba. Ta zauna kusa da ni, ta bar kujerar bakin taga ba kowa. Ta ce, "Mayar da shi farko."

Na ce, "Mama, Kawu bai gama dubawa ba."

Ta ce, "Na sani. Kunna."

Muka yi ta kallo. Can sai ƙanwar ta ɗauki makullin mota, ana ruwan sama, ta fita da sauri. Hannuna ya kai kan rimot. Mama ta riƙe min wuyan hannu, tafinta sanyi ƙalau.

Ta ce, "Bar shi. Duk haɗarin da ya hana ni gani, shi ya gan shi, shi kaɗai a shagon nan. Kuma shi ya koya wa yaron tuƙi. Ya isa haka, ya huta. Wannan mu gani da kanmu."

Kawu, shekara da shekaru ina tsokanarka da Hukumar Tacewa, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Matar cikin shirin ta isa inda za ta lafiya. Ƙarshen kuma ba mu kai ba tukuna, Mama ta ce kashi ɗaya a rana, har hutu ya ƙare, duk abin da ke ciki.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa. Yadda ya tare wa 'yar'uwarsa abin da zai firgita ta, Ka tare masa firgicin kabari. Ka wanke shi daga kurakuransa, Ka haɗa shi da Auta a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da 'ya'yansa, da maƙwabtan shagonsa, da Mama, wadda ta rasa ƙani. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.