Kifin da Kakana Bai Sayar Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Baba Iliya, masuncin da ya tsufa yana jefa birgi a kogin Kaduna, ta ƙasan Kudenda. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, yanzu ina sakandare. Ba ni da yawan magana, shi ya sa na rubuta.

Aikina a wurinsa shi ne juya kifi. Idan ya dawo da hantsi sai ya zube kwandon a kan buhu, ya ce, "Uwargida, kawo idon nan naki, nawa sun tsufa." In ɗauki kowace karfasa da tarwaɗa, in duba cikinta da gindin wutsiya. Da can ba na samun komai sai laka.

A bazarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ruwa ya ja baya, gansakuka ta rufe gaɓar da bututun wata masana'anta yake zubowa. Kore shar, mai yauƙi, da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Sai na fara ganin jan tabo a jikin kifi, kamar an ɗana masa wutar sigari. Daga baya tabon ya zama gyambo mai farin baki, wani har ana hango ƙaya.

Sauran masunta sun samu mafita: banda. Hayaƙi yana baƙanta kifi duka, gyambon ya ɓace. Baba ya ƙi. "Mai saye bai juya ba," in ji shi, "ni na juya." Amma kuma a wurinsa zubar da abinci zunubi ne. Sai ya riƙa yanke gyambon da wuƙa, ya dafa sauran a wata ƙaramar tukunya, ya ci shi kaɗai. Ran da na miƙa hannu cikin kwanonsa, ya buge ni da bayan cokali. "Uwargida sarkin kwaɗayi, wannan na maigida ne."

Ya taɓa kai kifi ɗaya mai gyambo a bokiti wurin kansilan da ya bi dogon layi ya zaɓa. Aka ce masa za a duba. Ya dawo da kifinsa ya dafa.

Ni ce na fara ganin tabon a ƙwaurinsa, iri ɗaya da na kifin. Na ga yadda yake jan ƙafar wando yana rufewa, na yi shiru. Kafin Mama ta lura, jikinsa ya kumbura. A asibiti ba su gaya mana sunan ciwon ba, ni ma ba zan ce kifin ne ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne na gani ban faɗa ba.

Yau gansakukar ta kai har inda mata ke wanki. Kawu Bulus ya gaji birgin, Mama tana banda tana kaiwa kasuwar unguwar Television, an daina kirana in juya kifi. Da Baba zai dawo, ba na jin zai tambayi abin da farar hula suka yi. Zai tambaya wa ke juya kifin.

Asabar da ta wuce Mama ta bar ni a gaban tire. Ko an yi banda, wurin gyambo yana lotsawa, babban yatsa yana gane shi. Wata mata mai goyo ta ɗauki irin wannan.

"Anti, ajiye shi, ɗauki wancan," na ce.

"Me ya same shi?"

"Gyambo gare shi."

Ta ajiye duka biyun ta wuce. Maƙwabciyarmu ta gaya wa Mama. Ba ta dake ni ba, cewa kawai ta yi, "To mu kuma me za mu ci?"

Ran Litinin Kawu ya kawo kwando. Mama ta shimfiɗa buhu, ta zube shi, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Zo ki juya." Fiye da rabi ya koma gefe.

Abin da ya rage mana na Baba ke nan, Allah ya jiƙansa: juyin nan, da ƙaramar tukunyarsa. Tukunyar na ɓoye ta a ƙarƙashin gadona, don na ga yadda Mama ta daɗe tana kallon waɗanda muka ware.