Haƙurin da Muka Kai Ajingi

Ni na buɗe guruf ɗin nan na hira a waya, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifin. Shagona na kayan waya yana Gaya, ina sayar da sikirin da batir da bakin caji da dalma, duk abin da mai gyara ke nema. Da tebur na fara, ina sayar da katin waya, kuma tun a lokacin na gane cewa babu abin da mai gyara ya tsana kamar ya ƙona mai ya zo wurinka ya tarar babu kaya. Shi ya sa na tara masu gyaran waya na Gaya da Kademi da Ajingi a guruf guda, in kaya sun iso daga Kano in sa hoto kowa ya gani. Daga baya abin ya wuce talla. Wanda waya ta gagara sai ya ɗauki hoton cikinta ya turo, a taru a kai. Wanda zai shiga Kano ya faɗa a ba shi saƙo. In an kawo wa wani wayar da yake zargin ta sata ce, nan yake sanarwa. Duk wanda ba ya ciki, rabin sana'ar yake yi.

Mata uku ne a cikinmu. Biyu ba sa magana, sai dai ka ga alamar sun karanta. Ta ukun 'yar Ajingi ce, 'yar wani dattijo mai sayen gyaɗa, Barebari ne da kakanninsu suka zo daga gabas tun ba a haifi ubana ba. A Kano ta koyi gyara lokacin da take karatu, da ta dawo ta buɗe aiki a wani ɗaki da ke jikin soron gidansu. Matan garin wurinta suke kai waya, don ba kowace mace ke son namiji ya riƙe wayarta a buɗe ba. Ni dillali ne, da irin kayan da mutum ke saya nake gane hannunsa. Yawancin masu gyaranmu in waya ta ƙi caji sai su canja bakin caji, in ta sake ƙi su ce wa mai ita ta mutu. Ita kuwa bin layi take yi har ta gano inda wuta ta tsaya. Sau da yawa abin da ya kwana biyu yana gagarar maza, ita ke warware shi da layi uku na rubutu.

Akwai kuma wani mai gyara a kusa da tashar Gaya, Bafulatani, mai baki, mai sa mutane dariya. Shi ya fi kowa sayen kaya a wurina. Na faɗi wannan tun yanzu don kada in zo ina ɓoye shi daga baya.

Kowa a nan ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Su haɗu a kasuwa, wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce ai shi ya yi wa kakansa sutura, a yi dariya a rabu. Da haka Bafulatanin ya fara da 'yar Ajingin. Ta warware wata matsala, ya rubuta cewa baiwarsa ta yi ƙoƙari. Ta mayar masa da cewa ya koma kiwo, waya ba saniya ba ce. Har ni sai da na yi dariya.

Abin ya sauya ne ranar da ya ba wani ɗan Kademi shawarar da za ta ƙona masa wayar mutane, ita kuma ta gyara masa a gaban kowa, da hoto, ba tare da zagi ba. Ɗan Kademin ya gode mata. Daga ranar maganar Barebari ta ragu a bakinsa, maganar jikinta ta ƙaru. Me ya sa har yanzu ba ta yi aure ba, su wa ke shiga ɗakin nan na soro, me ake gyarawa in an turo ƙofa. Ya ɗauki hotonta da ke kan lambarta ya mayar da shi sitika da wata kalma a ƙasa wadda ba zan rubuta ba, duk lokacin da ta yi magana sai ya manna. Wasu suka ɗauka su ma. Ta cire hoton, amma ya riga ya shiga wayoyi. In wani ya ce abin ya yi yawa, amsa ɗaya ce: wasa ne, ko ba ka san wasan Fulani da Barebari ba? Wannan amsar kuwa tana rufe baki, domin a wurinmu wanda ya yi fushi da wasa shi ake gani da rashin wayewa. Ina karanta duk wannan a tsakanin masu sayayya, ina ce wa kaina zai wuce.

Wata rana da hantsi ta kira ni. Kafin nan ta turo min saƙonnin murya da yake aika mata ita kaɗai, waɗanda suka fi na guruf muni nesa ba kusa ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, abu biyu nake roƙo, ka zaɓi ɗaya. Ko ka cire shi, ko ka rubuta a guruf, kai da kanka, cewa wannan ba wasa ba ne."

"Malama, ki bar min. Zan yi abin da ya fi wannan."

Abin da na yi niyya ke nan har zuciyata. Cire mutum aikin yatsa ɗaya ne, kuma a ganina a lokacin hukuncin yara ne. Na kuma san in na cire shi zai koma sayayya Wudil, yana yawo da ni cewa na zaɓi mace a kansa. Dalilan biyu suka haɗu, suka nuna min hanya ɗaya wadda ta yi min kyau: yadda aka saba. In ka ɓata wa 'yar mutane, dattijo ake ɗauka a je gaban ubanta, a zauna a tabarma, ka sunkuyar da kai ka ba da haƙuri. Na ga wannan girmamawa ce gare ta, kuma wulaƙanci ne daidai gwargwado gare shi. Ban sake kiran ta ba. Bai zo min a rai ba sam cewa ana neman izinin wanda aka zalunta kafin a kai wa gidansu haƙuri.

Muna da wani tsohon mai gyaran rediyo da muka ɗauka uban ƙungiya. Na same shi, ya ce wannan shi ne daidai. Shi ma Bafulatanin da na gaya masa bai yi gardama ba ko kaɗan, har ya ce shi zai sayi goro. Da na tsaya na yi tunani a kan saurin yardar nan, da na gane wani abu.

Ranar kasuwar Ajingi muka je, lokacin kaka, ƙofar gidan cike da buhunan gyaɗa. Dattijon ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma a soro. Yana jin an ce ɗaya daga cikinmu Bafulatani ne, ya ce wa ya kwance wannan bawan nasa ya bar shanu babu mai kora. Bafulatanin ya ce ai bayinsa ya zo dubawa, ya ga ko suna samun abinci. Aka yi dariya sosai. Ƙofar ɗakinta na gefenmu a ture, ana jin warin dalma.

Uban ƙungiya ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo mu, cewa an sami ɗan saɓani a guruf tsakanin wannan da 'yarsa, mun zo ba da haƙuri. Dattijon ya tambayi wane ne guruf, na yi masa bayani. Ya tambaya mata nawa ne a ciki, na faɗa. Ya tambayi abin da aka ce. Bafulatanin ya ce wallahi wasa ne irin nasu, sai dai ya ɗan zarce.

"Wasan nan na san shi tun ba a haife ka ba, ɗana. Ku kunna min in ji."

Na dubi uban ƙungiya, ya ce in kunna, ai gaskiya muka zo faɗa. Na kunna saƙonnin muryar da ta turo min. Dattijon ya saurara har ƙarshe, bai katse ba, yana kallon tabarma. Sannan ya ce ya ji an ambaci hoto, a nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya tambaya wayoyi nawa ke ɗauke da shi yanzu. Ya miƙo min wayata, ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya yi addu'a muka shafa. Ya raka mu har bakin babura, amma bai sake yi wa kowa wasa ba.

A hanya uban ƙungiya yana ta yaba min. Muna isa Gaya na rubuta a guruf cewa an yi sulhu, magana ta ƙare. Addu'o'i suka yi ta shigowa, ana cewa da irina ake son shugaba. Washegari kafin la'asar na ga an rubuta cewa ta fita.

Bayan kwana biyu ta kira.

"Alhaji, da ka tashi zuwa gidanmu, me ya hana ka tambaye ni?"

Na fara kame-kame game da al'ada da girman uba. Ta bar ni na gama, sannan ta gaya min abin da ban sani ba, wanda da na tambaya da na sani. Da ƙyar ubanta ya yarda ta yi sana'ar, kuma sharaɗi ɗaya ya kafa mata, kada sunanta ya shiga bakin maza. Watanni tana haɗiye abin don kada ya je kunnensa. Ni ta kawo wa ƙara saboda ni ne zan iya kashe maganar a inda ta taso. Yanzu an sa wa ɗakin kwaɗo, mukullin yana aljihun ubanta, wayoyin mutane ma da ba ta gama ba an mayar wa masu su.

"Shi yana nan a guruf, ko?"

Na ce yana nan.

"To, madalla," ta ce, ta kashe.

A ranar na cire shi. Bai ɗauke ni daƙiƙa biyu ba. Na kuma rubuta doka: wasa shi ne wanda duka biyun ke dariya, wanda ya ce a bari a bari, babu taɓa hoton kowa, kuma duk wanda ya kawo ƙara shi za a fara tambaya yadda yake so a bi da ita. Mutanen da suka yi min addu'a ranar sulhun su suka taso min. Wai an yi sulhu a gaban dattawa, uba ya yafe, ni wane ne da zan tono magana. Uban ƙungiya ya ce na kunyata shi. Wasu suka bi Bafulatanin suka buɗe nasu guruf ɗin, na kuma ji sitikar tana yawo a can. Matan nan biyu suka fita rana ɗaya, babu sallama. Dokar tana nan har yau a saman guruf, babu mace ko ɗaya da za ta kare.

Bayan makonni na koma Ajingi ni kaɗai. Dattijon ya karɓe ni kamar wancan karon, har da ruwa da gyaɗa soyayyiya. Na ce masa laifin nawa ne, 'yarsa ba ta yi komai ba sai aikinta, kuma na kori mutumin. Na roƙe shi ya buɗe mata ɗakin.

"Ka kore shi daga wayarka, Alhaji. Daga wayoyin sauran fa?"

Ya ce shi bai zargi 'yarsa ba, ya san abin da ya haifa. Amma shi ke tsayawa sahu ɗaya da iyayen waɗanda ke riƙe da hoton, shi ake kallo in ya juya baya. Na ce mata ne ke kawo mata aiki, ba sai ta shiga cikin maza ba. Ya ce kayan gyaran fa, wurin wa za ta saya, in abu ya gagare ta wa za ta tambaya. Na san amsar fiye da shi: wurin mazan nan ne.

Da zan tafi ya shiga ya fito da kwali ɗaure da igiya. Kayan aikinta ne. Ya ce tunda ni dillali ne, in taimaka in sayar, kada su lalace a ajiye. Na so in ƙi. Na ga in na ƙi ma wani zai ba, wanda zai karya musu daraja. Na ɗaura kwalin a bayan babur na dawo Gaya.

Kaya ne masu kyau, an riƙe su da tsabta, ba su yi mako a shagona ba. Na aika masa da kuɗin ta hannun wani direban bas, ya aiko da godiya. Ita ban sake jin muryarta ba.