Ƙafar Mani Mai Rumbu

Duk rumbun da ka gani tsaye a Dinyar Maƙera, in dai bai haura shekara talatin ba, ƙafar Mani ce ta cuɗa ƙasarsa. Ban ce hannunsa ba. Hannu kowa yana da shi, ko ƙanensa Basiru da bai iya ɗaure akuya ba yana da guda biyu. Ginin rumbu a ƙafa yake. Mani zai sa a jiƙa jar ƙasa kwana uku, a zuba mata busasshiyar ciyawa don kada gini ya tsage, sannan ya naɗe wando ya shiga. Yana takawa yana hira, can sai ka ji ya yi shiru, ya ɗaga diddige ya ce, "Ta nuna." Idan ya ce ba ta nuna ba, ko Dagaci ne mai rumbun, sai ya jira.

Ɗan wana ne. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ni na goya shi, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba jin-ta-jin-ta ba ne. Mutum ne marar hayaniya, mai mata ɗaya, Ramlat, da 'ya'ya biyar. Da damina yana noman gero da wake a gonar gado, kaka na yi ya hau kekensa ya bi ƙauyuka, har wajen Shanono ana aiko masa. Aibinsa ɗaya: ba ya iya musa wa babba. In na ce masa rana ta fito daga yamma, sai ya ce, "To, Gwaggo." Da ina yabon wannan hali.

Shekara huɗu ke nan da aka fara fasa dutse yamma da mu, tifofi suka mayar da titin Bici nasu. Su wuce da tsakuwa, su dawo wayam, gudun dawowar ya fi na tafiyar. Da kaji suka fara. Sai tumaki. Ranar da suka take jakin mai garin, na ce wa matan gidanmu, "To, sun gama da masu ƙafa huɗu." Aka ce in daina mugun baki.

Bayan an gama girbin dawa, wata Talata da hantsi, Mani ya ɗauro damin ciyawa a bayan keke zai je ginin rumbu. A gefen titi yake, kan ƙasa, ko kwalta bai hau ba. Wata tifa ta kauce wa rami ba ta rage gudu ba, ta sauko ta same shi. Direban ya dire ya arce cikin gonaki, sai a ofishin 'yan sanda aka same shi. Da na iso, keken ya naɗe kamar tabarma, ƙafar dama ta Mani kuma daga ƙwauri ta juya inda ba a halicce ta ba, ƙashi ya huda fata ya leƙo, ƙasa duk ta shiga ciki.

A asibiti aka wanke, aka ɗauki hoto. Likita ya ce karaya ce mai baki a buɗe, sai an kai shi babban asibiti a birni an sa ƙarfe. Da na ji kalmar ƙarfe sai na tuno wani tsohon labari. A garinmu akwai wani Ikrima, Allah ya jiƙansa, wanda tun ina amarya aka kai shi birni da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya. Shekara da shekaru muna kallon dungulminsa a ƙofar masallaci, kuma duk yaron da ya tashi a Dinyar Maƙera ya tashi da sanin cewa asibiti wuƙa suka iya. Karaya ta mai ɗori ce. Ni kaina hannuna na hagu mai ɗori ne ya gyara shi, ga shi har yau ina tuƙa tuwo da shi.

Kwana na uku sai ga wani mutum cikin farar shadda, da farar mota, da katan ɗin lemo da madara da sabulu. Ya ce sunansa Nababa, wakilin Alhaji mai tifar ne. Ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ni.

"Hajiya, sannu da wannan jarrabawa."

"Wace Hajiya? Ni ko Bacirawa da ke bakin birni sau biyu na taɓa zuwa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "To Inna. Inna, ku ne manya, me kuka yanke?"

Na ce likita ya ce birni.

Ya girgiza kai a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa. "Ni dai ba zan sa baki ba. Amma kakana a hannun mai ɗori ya tashi, ya yi shekara tamanin yana noma. Birni kuwa... Allah dai ya kyauta. In kun ga dama, motata ga ta nan, mai ma na sha."

Abin da ke cikina ya faɗa, shi ya sa ya yi mini daɗi. Ramlat ta ce, "Gwaggo, a dai bari a ji ta likitan." Na ce ta rufe mini baki, ita da aka auro jiya. Shekararta goma sha bakwai a gidan, amma haka na ce. Na juya wurin Mani, zazzaɓi na kaɗa shi, na ce za mu tafi. Ya ce, "To, Gwaggo."

Malamar asibiti ta hana, ta roƙa, har ta yi fushi. Da ta ga ba za mu ji ba, ta kawo wata takarda ta ce duk wanda zai fitar da shi ya sa hannu cewa da ganin damarsa ne, likita bai sallame shi ba. Basiru ya noƙe. Na ce a miƙo tawada, na dangwala babban yatsana. Ina goge yatsan a bakin zane na ga Nababa ya ɗaga waya ya ɗauki hoton takardar, sau biyu.

"Na mene ne?" na tambaye shi.

"Don in nuna wa Alhaji mun yi ɗawainiya, Inna."

Na ci gaba da goge yatsana.

Gaskiya ɗaya zan faɗa wa mai ɗorin: da ya kwance ƙyallen ya ga raunin, sai ya ja da baya. Ya ce, "Wannan ba irin tawa ba ce. Ni rufaffiyar karaya nake ɗorawa." Nababa ya ce a taimaka, an riga an taso. Ni ma na ce ai gadon gidansu ne, ko tsoro yake ji? Namiji ba ya son tsohuwa ta tambaye shi haka a gaban mutane. Ya ja ƙafar, Mani ya suma, ya jera kara ya ɗaure tamau, ya yi tofi.

Kwana tara ƙudaje suka fara taruwa a ƙofar ɗakin. Kwana goma sha biyu Ramlat ta daina barin yara su shiga. Muka kira lambar da Nababa ya bari, wata mata a cikin wayar ta ce a kashe take. Kullum haka take cewa, kamar ita kaɗai aka aje a gidan.

Ramlat ce ta yi abin da ya kamata, ba ta kuma nemi izinina ba. Tana da 'yar kawu a Bici, Fauziyya, lauya ce. Ta zo da la'asar, ta shiga ɗakin, ta fito tana toshe hanci da mayafi.

"Yau za a mayar da shi asibiti. Ba gobe ba. Wa ya fitar da shi?"

Duk aka dube ni.

"Inna, kin sa hannu a wani abu?"

Na nuna mata yatsan. Ta dube shi tsawon lokaci kamar mai duban ƙwai ko ya lalace.

Aka sayar da sa da awaki aka kai shi birni. Likitocin suka yanke ruɓaɓɓen nama, suka ce ciwon ya shiga ƙashi. Za a iya ceton ƙafar, amma sai da babban aiki, sau biyu ko uku, wanda ko an sayar da gonar gado ba zai isa ba. Za su riƙe ta da allura da wanki, amma ba za ta jira har abada ba. Babbansu ya ce, "In ruwa ya sauka ba a yi ba, kada ku zarge mu."

Fauziyya ta ce kowace irin wannan mota tana da inshora, wato kamfanin da ke biya idan ta yi ɓarna, kuma haƙƙin Mani ne a yi masa aikin. Ta rubuta musu, suka yi shiru. Ta shigar da ƙara. A gari aka yi ta surutu, wai ana kai ƙaddara kotu? Sai da Liman ya ce diyya ba ta hana tawakkali, ai a littafi take, sannan bakuna suka lafa.

Ban san kotu wurin zama ba ne sai a wannan shekarar. Mu tashi da sassafe, mu biya mota, mu zauna kan benci, a kira sunan Mani, wani mai baƙar riga ya miƙe ya yi Turanci kaɗan, a ce mu dawo bayan mako biyar. Yau lauyansu ba lafiya. Gobe wata takarda ba ta iso ba. Ni kuwa duk ranar wankin ciwo ina auna shi da yatsu daga idon sawu. Lokacin sanyi yatsu huɗu ne. Da zafi ya shigo ya zama tafi guda. Na fara duban gabas kowace yamma, ni da na yi shekara saba'in ina roƙon hadari, yanzu ina roƙon ya daɗe bai zo ba.

Ranar da aka saurare mu, shaidu uku suka ce Mani a ƙasa yake tifar ta sauko masa. Lauyansu bai musa ba. Ya dai ce a kira ni. Na rantse da Alƙur'ani, tafinta ya tsaya kusa da ni. Lauyan ya ɗago wata takarda.

"Baba, wannan yatsan wa?"

"Ka ga na yi kama da babanka? Nawa ne."

Aka yi dariya, alƙali ya buga tebur.

"Likita ya ce a fitar da shi?"

"A'a."

"An gaya muku haɗarin?"

"An faɗa. Amma mutuminku ne ya kawo mota. Ga shi can, mai farar riga, yana duban takalminsa."

Aka tambayi Nababa. Ya ce shi dubiya ya je, ya tarar da dattijuwa ta yanke shawara, ya taimaka da mota saboda Allah. Ya ce a tambaye ni ko ya taɓa cewa a fitar da shi. Na juya maganganunsa ɗaya bayan ɗaya a raina, na rasa inda ya ce. Bai taɓa cewa ba. Kai kawai ya girgiza.

"To wa ya ce a fitar da shi?" in ji lauyan.

Na riga na taɓa Alƙur'ani. Na ce, "Ni ce."

Fauziyya ta yi iya yinta, ta ce ba don tifar ba da babu karaya, babu asibiti, babu ɗori. Aka ɗage don hukunci. Mako biyu bayan haka ruwan shuka ya sauka, mai yawa, kowa ya fita gona. A makon ne zazzaɓi ya kayar da Mani, aka ce in ba a cire ƙafar ba za ta tafi da shi. Ƙasa da gwiwa suka yanke.

Hukunci ya zo gero na kai ƙugu. Alƙali ya ce direba ne da laifin karayar, su biya wannan. Rasa ƙafar kuwa, wanda ya fitar da shi daga hannun likita shi ya jawo. Abin da aka ba shi ya mayar da sa, ya sayi sanduna biyu. Fauziyya ta ce a ɗaukaka ƙara. Mani ya ce, "A ɗaukaka ta dawo da me?" Shi ne karo na farko da na ji ya musa wa wani. Ni bai taɓa ce mini komai ba. Har yau yana gaishe ni da safe, kuma na fi son ya zage ni.

Yanzu Basiru ne ke taka ƙasa, Mani na zaune kan turmi yana murza ta da hannu, ya ce a ƙara ruwa. Rumbu biyu sun tsage bana. Daga baya ne wata tsohuwar gidan su Ikrima ta gaya mini cewa shi ma sai da ya yi wata guda a gidan ɗori kafin a kai shi birni. Shekara hamsin ba wanda ya faɗi wannan.

Watan jiya wata tifa ta bugi Zakiyyu mai faci a mararraba, cinya ta karye, ƙashi a waje. Da Mani ya ji, ya ce shi ma a ɗora shi a babur, na bi shi. Mun isa asibiti, farar motar tana ƙofa, a buɗe. An riga an turo Zakiyyu, uwarsa Jumma na gaba tana goge yatsa a zane.

Mani ya tare ƙofar da sandunansa. Ya naɗe ƙafar wando ya nuna musu.

"Inna Jumma, don Allah ki duba. Ki mayar da shi ciki."

Jumma ta tsaya, ta duƙa ta kalli dungulmin da kyau, har na ce a raina an ci nasara. Sai ta ɗago ta dubi 'yan'uwanta.

"Kun gani ko? A asibiti aka yi masa wannan. Ku ɗauko mini ɗana."