Idon Inna na Dama

Har gobe ina jin haushin kunyar ɗan fari, kuma ban neman afuwar kowa a kan haka. Ita ta ci wa mahaifiyata ido ɗaya.

Shekarun baya ne, lokacin ina ajin yaƙi da jahilci a Tambuwal, da jikoki biyu da jakar littattafai. Ni ce 'yar farin Inna. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido. In tana son ce mini wani abu, sai ta gaya wa ƙanwata ko da ina zaune a wurin.

Duk zuwan da nake yi ƙauyenmu na wajen Kebbe ina ganin alamu. Tana tuntuɓe da turmi, tana zuba nono a gefen ƙwarya. Ni da sabon ilimina sai na yanke hukunci tsufa ne, na sayo mata tabarau a kasuwa, ina jin na yi abin kai.

Wata Laraba ƙanwata ta kira ni. Ashe kwana tara ke nan da idon Inna na hagu ya ɗauke gaba ɗaya, tana cikin tankaɗe. Ranar ina gidan. Na ci tuwonta, na yi mata sallama, ba ta ce uffan ba. Ƙanwata kuwa ta tafi biki Dogon Daji, sai da ta dawo aka samu wanda za a gaya wa.

Muka ɗauko Inna a babur, ga hanya duk ramuka, muka kai ta asibiti. Likitan bai yi gaggawa ba. Ya ce, “Inna, lokaci guda yat tafi ko sannu-sannu? Da ciwo?”

Ta juya wajen ƙanwata. “Ce mishi lokaci guda. Babu ciwo.”

“Ga ni nan gabanki, Inna, ai ni nika tambaya,” in ji shi yana dariya.

Ya rufe mata idon dama, ya ɗaga yatsu. Shiru. Ya rufe na hagu, ta ce, “Fuɗu.” Da ya kai hannunsa gefe kaɗan, ba ta ƙara ganinsa ba. Ya haska tocila, ya auna jini, ya samu ya hau sosai. Ya ce idon da ya tafi lokaci guda ranar ake kawo shi, ba a kwana da shi. Na dama kuwa ya daɗe yana raguwa daga gefe, shi ne ake iya cetowa. Ya rubuta mana takarda zuwa wurin likitan ido a Sakkwato.

Can suka tabbatar na hagu ya tafi. Na dama hawan jinin ido ne, sai maganin ɗigawa safe da yamma har ƙarshen rayuwa. In an yi wasa, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Ban ga laifin Inna ba, haka ta taras, haka uwarta ta yi mata. Laifina na gani. Ni mai bakin da ba ya raga wa kowa a kasuwa, shekara arba'in da wani abu ban taɓa ce wa uwata “Mi ad damunki?” ba. Kara na da kyau wurin biki da suna. Wurin ciwo ba ta da amfanin komai.

Gidana muka sauka. Ƙanwata za ta koma wurin yaranta, Inna kuma hannunta na rawa, ba ta iya ɗiga wa kanta.

Washegari bayan sallar asuba na wanke hannu, na ɗauki kwalbar, na durƙusa gabanta, na kama haɓarta na ɗaga. Ta kau da kai, ta ce wa bango, “Wagga ɗiya ba ta da kunya.”

Na ce, “Ba ni da ita, Inna. Buɗe ido.”

Ta buɗe.