Saudat Mai Lalle da Kiɗan Fitilun Gulbi

A unguwar Ka'akiyya ta Makka in ka ce Saudat kawai, sai an tambaye ka wacce. In ka ce Saudat mai lalle, wadda ba ta zane sai da kiɗan nan nata na tsofaffi, ko mai kawo tukunyar gas zai nuna maka ƙofar.

'Yar Maraɗi ce, a unguwar Bagalam aka haife ta. Mahaifinta, Usaini, direban babbar mota ne, kuma a gaban motarsa ta fara jin Fitilun Gulbi tana yarinya, ranar da ya ɗauke ta zuwa Tasawa gaishe da kakarta. Ya tura wani kaset da rubutunsa ya goge, sai ga wata jita ta fito da sauti mai kaifi, mai karkarwa, kamar an ɗana wayar shanya an saki. A bayanta ganguna suna tafiya wata irin tafiya mai rangwaɗa, ba ta kalangu ba, ba ta ganga irin ta gida ba. Saudat ta daina cin gyaɗar da ke hannunta.

Baban ya ba ta labarinsu a hanya. Wasu samarin garin ne tun kafin a haife ta: Yari tela shi ke jita, Salihu Yalwa mai gyaran keke shi ke ganguna, sai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke waƙa. Sun kwana sun tashi da faifan kiɗan Kuba da fatake ke kawowa daga Abijan, har kiɗan ya shiga jininsu. Suka haɗa shi da tsohuwar jitar Yari, suna waƙa da Hausa, can kuma su jefa wasu kalmomin Sifaniyanci da su kansu ba su san ma'anarsu ba. An taɓa ɗaukar su a gidan rediyo, amma makaɗan Yamai suka danne su, sunansu bai ko ƙetare Kwanni ba. Daga baya kowa ya koma sana'arsa.

Da aka ɗaura mata aure da Ja'afar, kaset ɗin na cikin kayan da ta tafi da su, uban ya ba ta. Ja'afar mai shimfiɗa tayil ne, ya samu iƙama, takardar izinin zama, a Makka ta hannun wani ɗan kwangila, bayan 'yan shekaru ya aiko ta biyo shi. Suka kama ɗaki biyu a hawa na uku na wani tsohon gini a Ka'akiyya, inda haya ke da sauƙi. Nan ta haifi 'yarsu Maha, nan ta fara yi wa maƙwabta lalle, har sunanta ya kai Rusaifa, ana turo mota a ɗauke ta in za a yi biki. Lokacin Hajji kuma takan ajiye lalle ta tafi Arfa aikin girki a tantuna.

Duk inda ta zauna zane, kiɗan na gefenta a hankali. Da an kira salla ta kashe. Ta yi iya ƙoƙarinta ta samar wa Fitilun Gulbi masoya, abin bai yi ba. Amare kan roƙe ta ta canza zuwa waƙoƙin da ake yayi, ta canza ba musu. Wata maƙwabciya ta taɓa ce mata a garin nan mai alfarma ba a zo jin jita ba, Saudat ta ƙara rage murya, ta ci gaba da kai mata waina ranar Juma'a. Maha kuwa, da Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, dariya take yi.

"Ummi, wallahi hada ƙadim marra," in ji ta, wato abin ya tsufa ƙwarai. Ita ce dai ta kai kaset ɗin aka juye shi cikin waya da ya fara cin zare. Ta kuma bincika a intanet, ta samo waƙarsu guda ɗaya da wani ya ɗora, waɗanda suka saurara ba su cika motar haya ba. Saudat ta yini tana jin haushin duniya.

"Mutane ba su da kunne," ta ce. "Ki ji yadda Yari ke shigowa nan, kamar mai sallama a gidan surukai. Wa ya iya wanga yanzu?"

Babban wanda bai da kunnen, a ganinta, shi ne mijinta. Ja'afar mutum ne mai haƙuri, ba ya faɗa, amma in ya shigo ya tarar da kiɗan sai ya ce, "Sauda, har yanzu sauron nan bai fita daga gwangwani ba?" Ita kuma ta ce masa wanda ya yini da injin yankan tayil ina zai san daɗin sauti. Haka suka yi shekara da shekaru, ya zame musu kamar gaisuwa.

Ashe maganar tata ta wasa tana tafe da gaskiya. Injin nan ya daɗe yana cin kunnuwansa a ɓoye. Da fari talabijin ya riƙa ƙara wa murya. Sannan ta lura in ta yi masa magana daga kicin ba ya amsawa, in ta zo gabansa sai ya kafa wa bakinta ido. Wata rana aka tayar da sallar la'asar a masallacin bayan gidansu yana zaune bai motsa ba, shi da bai taɓa bari liman ya riga shi shiga ba. Ran nan ta ce sai sun je asibiti.

Likitan ya ce kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Za a yi masa na'urar ji, za ta taimaka, amma siraran sautuka su ke fara ɓacewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ja'afar ya ce alhamdu lillahi, suka dawo gida. Daga nan ya yi shiru. Ya daina zuwa majalisar 'yan Maraɗi da ke zama a gaban shagon wani mai shayi, don ya gaji da yin dariya a inda ba a yi abin dariya ba. Saudat ma ta daina kunna kiɗanta in yana gida. Gani take kamar cin abinci ne a gaban mai azumi.

Wata Juma'a bayan sun ci abincin rana, Maha ta tafi gidan ƙawarta, ya gyara zama a kan tabarma ya ce, "Sauda, kunna mini mutanen nan naki."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "Waɗanne mutane, Malam?"

"Masu sauron. Kunna, tun ina da sauran abin ji."

Ta ɗauko wayar. Ta kunna, ya kara a kunnen dama, ya girgiza kai. Ta tashi ta kashe na'urar sanyaya ɗaki, duk da zafin Makka na tsakar rana da ke dukan bango, ta rufe tagar da ke kallon titi. Ɗakin ya yi tsit sai kiɗan. Ya runtse ido, zufa ta fara tsattsafo masa a goshi.

"Ina jin ganga," ya ce. "Can ƙasa-ƙasa. Ina jitar? Ta shigo?"

Jitar ta daɗe da shigowa. Yari na tsakiyar wurin da ta fi so a duk waƙoƙin. Saudat ta matso kusa da shi. Sai ta kama hannunsa, tafin nan mai kaushi da siminti ya cinye, ta buɗe shi a kan cinyarta kamar na mai jiran lalle. Ta mayar da waƙar farko. Da jitar ta shigo, ta ɗora yatsa a gindin tafin ta ja layi sama a hankali. Inda Yari ya karkaɗa tsirkiya, ta karkaɗa yatsan. Inda ya gangaro da gudu, ta gangaro har wuyan hannu, ta yi ɗigo uku inda ya tsaya ya bar wa ganguna fili.

"Nan ya yi shiru," ta faɗa da ƙarfi kusa da kunnensa. "Yana jiran Salihu. Ga shi ya dawo."

Ja'afar bai buɗe ido ba har waƙar ta ƙare. Ya ce a sake. Ta sake. A karo na gaba ya fara gyaɗa kai kafin yatsanta ya juya, ya gane inda za a bi.

"Ashe magana yake yi," ya ce.

"Shekara nawa ina gaya maka."

Ya yi murmushi, bai saki hannunta ba. "Ban taɓa saurare ba, gaskiya ne. Amma kin san in na dawo daga aiki, tun daga hawa na biyu nake kasa kunne. In na jiyo shi, na san lafiya kike, sai in hau a hankali. In ban jiyo ba, da gudu nake ƙarasawa. Shekarar da Babanki ya rasu, da kika yi watanni ba ki kunna ba, ni na san yadda benen nan ya yi mini tsawo. Kwanan nan kuma ina hawowa shiru, ban sani ba ko ke kika kashe, ko ni ne ba na ji."

Saudat ta sa gefen mayafinta ta share fuska, ta ce zafi ne. Ta tashi ta kunna na'urar sanyin.

Bayan 'yan makonni na'urar jin ta iso. Ba ta dawo masa da komai duka ba, amma jitar ta dawo, siririya, kamar daga gidan maƙwabta. Ya saurari waƙoƙin kaf, ya yanke hukuncinsa: malamin lakwal mura ke damunsa ranar da aka ɗauka, Yari gwani ne ba shakka, amma mai gangar shi ne ke riƙe da gidan. Saudat ba ta yarda ba, suka samu sabon abin musu. A wurin aiki aka ɗauke shi daga yanka aka mayar da shi duba layi da cike tsakanin tayil. Ya koma majalisa, har ya tura wa Marwan, wani Bayamane da suke aiki tare, waƙa biyu. Marwan ya ce gangar ta yi masa.

Ja'afar ne ya fara tambaya ko akwai wanda ya rage a cikinsu. Saudat ta kira ƙanenta a Maraɗi, ya yi cigiya a kasuwa. Yari ya daɗe da rasuwa, malamin ma haka. Salihu Yalwa na nan, ya tsufa, yana zama a rumfar ɗansa mai sayar da kayan babur. Ja'afar ya karɓi wayar ya ɗauki saƙon murya, ya yi wa Salihu gaisuwar manya, ya ce shi ɗan Maraɗi ne a Makka, matarsa ta fi shekara talatin tana jin kiɗansu, shi kuma ya shigo a makare.

Amsar ta zo washegari. Tsohon ya ce da fari ya ɗauka yara ke masa shaƙiyanci. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ko kaset ɗin ba shi da shi, a turo masa in da hali. Sannan muryarsa ta sauka, ya ce tunda Allah ya ajiye su kusa da Ɗakinsa, yana roƙon alfarma guda: su yi wa Yari addu'a, don ya rasu yana burin zuwa bai samu ba.

Maha ta tura masa waƙoƙin a ranar. Da la'asar ta yi sanyi, Saudat da Ja'afar suka shiga motar Harami. Suka yi ɗawafi a hawa na sama inda cunkoso ya yi sauƙi, tana riƙe da gefen rigarsa ta wajen kunnen dama. Da suka idar suka samu wuri suka zauna suna fuskantar Ka'aba, Ja'afar ya ɗaga hannu ya ambaci Yari tela na Maraɗi da sunansa, da malamin lakwal da ba su san sunansa ba, da Usaini direba. Saudat na cewa amin.