Iccen Iya da Masanan Fada

A gidan kawuna na girma, a Diffa, kuma a nan na ga yadda taron maza masu gemu suka kashe icce guda da sani.

Shekarar da mutanen ƙetaren kogin Komadugu suka kwararo mana gudun hijira, kawu ya ba wata tsohuwa ɗakin da muke zuba busasshen tattasai. Iya muke ce mata. An kashe mijinta, ta tsallako ruwa da zanen jikinta da wasu ƙwayaye ƙulle a bakin zanen. Ƴaƴan iccen ƙofar gidansu ne. Mijin direba ne, daga kudu ya kawo iccen ya dasa, yana shan inuwarsa har ranar da ƴan bindiga suka shigo garin. Iya ta shuka ƙwayayen kusa da randa, ɗaya tak ta tsiro. Ta kewaye tsiron da ƙaya saboda awaki, tana alwala a gindinsa don kada ruwan ya tafi banza.

Da ya sha damina biyu ya kai ƙirjina. Ganyensa faffaɗa ne mai sheƙi, sabon tohon ja-ja. Ba mangwaro ba ne, ba dogon yaro ba ne, ba wanda ya taɓa ganin irinsa a kwarin nan. Nan wahala ta fara, don kawu yana da dokar da ya gada daga ubansa: iccen da ba a san sunansa ba, ba ya zama cikin gida, don ba a san wane aljani ke sauka kansa ba.

"Iya, mi ne sunan iccen nan?" in ji kawu wata safiya.

"Wallahi Alhaji, ban sani ba. Iccen maigida muke ce mishi."

"Wannan ba suna ba ne. In an gama tsinkar tattasai ba a samo sunanshi ba, sai gatari."

Ya tsinki ganye ya fita da shi fadar da suke shan shayi a ƙofar gida. Ni na san mutanen fadar nan. Tunda nake ban taɓa jin ɗayansu ya ce "ban sani ba". Ko watan sama za ka tambaye su, sai su ba ka labarin kasuwarsa.

Mushen lakwal, wato malamin boko, shi ne ya fara. Ya ɗauki hoton ganyen da wayar salula, salula ta ce iccen wata ƙasa ne ta bayan teku. Ya ce wannan ya yanƙwane, a kawo ɗanye. Aka kawo, salula ta sake ƙasa. Mai maganin gargajiya ya tauna, ya tofar, ya ce ya san shi sarai, sunan ne ya kwanta masa, a ba shi cikin hannu ya dafa ya ga launin ruwan. Wani surukin kawu da ya taɓa aikin gandun daji ya ce duk jahilci ne, ganye ɗaya ba ya magana, sai reshe da tohonsa. Ya karya kan iccen ya tafi da shi wajen wani abokinsa, ba mu sake jin labarin reshen ba. Har akuya aka ba, wai in ta ci ba dafi. Ta ci, ta nemi ƙari, ita kaɗai ce ba ta yi ƙaryar sani ba.

Kullum sai an yi sallama an shigo tsinka. Iya tana zaune bakin ɗaki tana cire hancin tattasai, ba ta iya hanawa, don mai zaman alfarma ba shi da a'a. Kuma tana fata ɗayansu ya dace, iccen ya tsira. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa kawu garin neman gira za a rasa ido. Ya ce in koma madafa, bincike ake yi.

Kafin tattasai ya gama bushewa a shanya, ba sauran ganye ko ɗaya. Zafi ya shigo, sandar ta yi fari, ɓawon ya tsage. Iya ta ci gaba da alwala a gindinsa har ƙasar wurin ta yi kore, ba abin da ya toho. A fada kuwa gardama ba ta mutu ba, kowa yana cewa da an bi tasa da tuni an gano.

Kawu bai ko ɗauko gatarin ba. Wata rana ya tsaya ya girgiza sandar, ya ji ta kafe, ya jawo ɗan akuya ya ɗaure a jiki.

Iya ta fito da butarta, ta dubi igiyar, ta dubi kawu.

"Alhaji, an samo sunan?"

"Ai turke ne yanzu," in ji shi.

Ta juya da butar, ta je bayan ɗaki ta yi alwalarta.